Ido Ba Mudu Ba Ne: Awon Gari da Ruwa Wajen Haɗa Gahawa

Akwai wata buta ta gilashi da ta shiga gidajenmu da dama, galibi cikin tsarabar 'ya'yanmu mazauna Jamus da Faransa, ko kuwa cikin kayan gwanjo na kasuwa. Tana da murfi, a tsakiyar murfin akwai sanda mai ɗauke da rariyar ƙarfe wadda ake dannawa ƙasa. Faransawa na kiranta cafetière à piston, mu kuwa a gidanmu buta mai madanni muke ce mata. Wani mutumin Italiya mai suna Attilio Calimani ne ya yi rajistar irin wadda muka sani a shekarar 1929, kuma aikinta ɗaya ne: haɗa gahawa, wato kafe a bakin 'yan gari. Ba ta bukatar wutar lantarki, ba ta bukatar takardar tacewa. Duk da haka, a gidaje da yawa sau ɗaya ko sau biyu aka gwada ta, aka mayar da ita cikin kwaba tare da kwanonin jere. Mun bi diddigin dalili, muka tarar ba laifin buta ba ne. Laifin awo ne.

Abin da ya faru a gidaje biyu

Da wata Sallar Layya ƙaninmu ya zo gida Sokode da irin wannan buta da ƙunshin garin gahawa. Washegari da safe Inna ta ƙirga mu, mutum huɗu, ta zuba cokalin shayi huɗu, ta cika buta da ruwan zafi, ta danna. Abin da ya fito ruwa ne mai ɗan ja, ba ƙamshi, ba ɗanɗano. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofi a hankali, ya ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ku miƙo mini gorona." Daga ranar ba wanda ya ƙara tambayar butar.

Da hunturu ya shigo muka tafi da ita Dapaong, gidan kawunmu, dattijo ne mai fama da hawan jini. Wannan karon muka ce ba za a maimaita kuskuren Sokode ba. Bayan sallar isha'i muka kwarara gari da ido har ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na butar, muka bar shi a jiƙe muna ta hira. Ya fito baƙi ƙirin, da ɗaci kamar maɗaci, muka rufe ɗacin da sukari da madarar gwangwani. Kawu ya sha kofi biyu manya, yana cewa, "Ɗana, wannan shi ne maganin sanyin Dapaong." A daren nan bai runtsa ba. Zuciyarsa ta yi ta bugawa, hannunsa na rawa, gari na wayewa muka kai shi asibiti aka auna jininsa. Allah ya taƙaita, amma Goggo ta yi mana faɗan da ba mu manta ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Buta ɗaya, gari ɗaya, hannu biyu, kuma duka biyun da ido suka auna. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A sha'anin gero da dawa gaskiya ne, domin ido ya daɗe yana ganinsu. A sha'anin garin gahawa idonmu baƙo ne, bai san ƙimar ba tukuna.

Inda kuskuren ya samo asali

Mun saba da abu biyu. Na farko shi ne Nescafé na teburin mai shayi. Wannan gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwanta, saboda haka cokalin shayi ɗaya, kimanin giram 2, yana narkewa duka ya ishi kofi. Garin gahawa na ainihi kuwa ƙwaya ce aka soya aka niƙa, ba ta narkewa. Abin da ruwa zai iya cirowa daga cikinta bai wuce kashi 30 cikin 100 na nauyinta ba, saura tuƙa ce. Wanda ya auna ta da cokalin Nescafé ya zuba kashi ɗaya cikin shida na abin da ake bukata. Kuskuren Inna ke nan.

Na biyu shi ne shayin ataya, wanda ake bari a kan garwashi ya yi ta tafasa, ana ganin daɗewarsa ita ce ƙarfinsa. Gahawa ba ta son haka. Tun shekarun 1950 wani masanin sinadarai na Amurka, E. E. Lockhart, ya nuna cewa kofin da mutane suka fi so shi ne wanda ruwa ya ciro tsakanin kashi 18 zuwa 22 cikin 100 na garin. In bai kai haka ba sai a ji tsami da salam, in ya zarce sai ɗaci ya rufe komai. Don haka ɗaci ba shi ne ƙarfi ba, alama ce ta cewa an wuce gona da iri.

Awon da aka yarda da shi

Awon da masu sana'ar gahawa suka tsaya a kai shi ne giram 55 zuwa 60 na gari ga kowace lita ɗaya ta ruwa. Wato ga kowane giram ɗaya na gari, kimanin giram 16 zuwa 18 na ruwa, tun da mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce. Ga yadda lissafin yake a aikace:

Kofi ɗaya, ruwa mililita 200: gari giram 12.
Ƙaramar buta mai cin mililita 350: ruwa mililita 300, gari giram 18.
Rabin lita: gari giram 30.
Babbar buta mai cin lita ɗaya: ruwa mililita 900, gari giram 54.

A lura, ba a cika buta fal, domin gari yana kumbura kuma madanni yana bukatar wuri. A kuma sani cewa tuƙa tana riƙe ruwa kamar ninki biyu na nauyinta, saboda haka babbar buta kofi huɗu take bayarwa na irin kofunanmu. Idan an ga an rubuta kofi takwas a jikin kwalinta, ƙananan kofunan Turawa ake nufi, kada uwargida ta gayyaci baƙi takwas a kan wannan alkawari.

Mudun gida

Mun sani ba kowane gida ne yake da sikeli mai auna giram ba. Amma mudun ruwa yana hannun kowa daga Lome har Sinkase: ledar ruwan nan da ake kira piya wata, wadda rabin lita ce. Leda ɗaya, gari giram 30. Cokalin cin abinci, idan aka cika shi aka shafe bakinsa ba tozo, yana ɗaukar kimanin giram 5. Ashe ke nan leda ɗaya tana son cokali shida a shafe, ta ba da kofi biyu masu kyau. Wannan jimla ɗaya ita ce abin da muke fatan mai karatu ya riƙe.

Sai dai cokula sun bambanta, haka ma gari: wanda aka soya ya yi baƙi sosai ya fi sauƙin nauyi, yana cika cokali ba tare da ya kai giram 5 ba. Shawararmu ita ce a ɗauki garin da cokalin gidan a je wurin wanda yake da ƙaramin sikeli, kamar mai sayar da zinariya ko mai shagon magani, a auna giram 30 sau ɗaya. A juye shi cikin tsabtataccen gwangwani ko kofin ataya, a ja layi inda ya tsaya. Daga ranar gidan ya sami mudunsa, ko yaro aka sa zai haɗa daidai. Haka iyayenmu mata suka yi da gwangwanin tumatir wajen sayar da gyaɗa da barkono, ba wani sabon ilmi ba ne.

Abokan awo uku

Awo ba ya tsayawa shi kaɗai, yana da abokan tafiya uku: niƙa, zafi da lokaci.

Niƙa ya zama mai tsaki-tsaki, kamar garin rogo wanda ba a tankaɗe ba. Gari mai laushi kamar na tuwo yana bi ta ramukan rariya ya cika kofi da laka, yana saurin yin ɗaci, kuma yana toshe madanni har mai dannawa ya sa ƙarfi ruwan zafi ya fantsamo masa. Wanda ya sayi ƙwaya zai iya daka ta a ƙaramin turmi mai tsabta, wanda bai taɓa ganin daddawa ko yaji ba, sannan ya tankaɗe ƙurar ya ajiye gefe. Wanda garinsa na kanti ne mai laushi, ya rage minti ɗaya a lokacin jiƙo.

Zafin ruwa ya kasance tsakanin digiri 92 zuwa 96. Ba sai an nemi ma'aunin zafi ba: idan ruwa ya tafasa a sauke, a ƙirga talatin a hankali, sannan a zuba. Lokacin hunturu, musamman a Dapaong da Mango inda sanyin asuba yake ratsa ƙashi, a fara ɗauraye butar da ruwan ɗumi. Wannan yana hana ta shanye zafin ruwa, yana kuma kare gilashin daga tsagewa. Kada a taɓa ɗora ta a kan wuta.

Lokaci minti huɗu ne. A zuba gari, a zuba ruwa, a motsa sau ɗaya, a ɗora murfi madanni yana sama. Minti huɗu na cika a danna sannu a hankali, a juye duka nan take cikin kofuna ko fulas. Abin da aka bari a kan tuƙa yana ci gaba da jiƙuwa, shi ya sa kofin baƙon da ya makara yake fin na kowa ɗaci.

Gahawar ƙasarmu da lafiyar gida

Gahawar da ake nomawa a Togo, a duwatsun yankin Filato, wajen Kpalime da Badu da ƙasar Akposso, mafi yawanta irin robusta ce. Arabika kaɗan ce, a wurare masu tudu kamar Danyi. Wannan bambanci ya shafi awo kai tsaye, domin robusta ta fi ɗaci, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta, wanda shi ne mai kore barci, ya kai ninki biyu na wanda ke cikin arabika: sama da kashi 2 cikin 100 na nauyin ƙwaya. Mai amfani da garin gida ya tsaya a giram 55 ga lita, ko ma 50, ba zai rasa komai ba.

Mu yi lissafi. Giram 12 na robusta, awon kofi ɗaya, yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 240, kuma mafi yawansa yana fita cikin ruwa. A shekarar 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, ga mace mai ciki kuwa miligiram 200. Ashe kofi biyu na robusta sun cika ma'aunin namiji lafiyayye, kofi ɗaya ya isa ya cika na mai ciki. To, ina ga Kawu, wanda ya sha kofi biyu manya na garin da ya haura ninki biyu na awo, da dare, a kan hawan jini?

Kada kuma a manta da goro. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja, suna yada zango a Jugu da Didawure ta Sokode kafin su isa Salaga, goro suka ɗauko, kuma goro ma kafeyin ne a cikinsa. Haka shayi. Dattijon da ya ci goro da hantsi, ya sha ataya da la'asar, ya riga ya ci wani kaso na rabonsa tun kafin a kawo buta. Rabin kafeyin da aka sha yana nan a jiki bayan kimanin awa biyar. Sufayen Yaman da suka fara yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri suke sha, sun san abin da take yi. Wanda yake son ya farka sahur da ƙarfinsa a watan azumi, ya guji babban kofi bayan asham.

Abu ɗaya kuma: rariyar ƙarfe ba ta tare man da ke cikin ƙwayar gahawa kamar yadda takarda take tarewa, kuma an tabbatar cewa yawan shan wannan mai yana ɗaga kitsen jini da likitoci ke kira kolestarol. Wanda likita ya gargaɗe shi a kan kitsen jini, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ya nemi shawararsa kafin ya mai da butar abokiyar kullum.

Idan wani a gida yana son mai sauƙi, kada a rage gari a cikin buta, domin hakan salam yake jawowa. A haɗa bisa awo, sannan a zuba masa rabin kofi a cika da ruwan zafi. Gahawar da aka haɗa daidai ba ta neman sukari cokali huɗu, wannan ma riba ce ga gidajen da ciwon sukari ya shiga. Ga kuma aljihu: a shekarar 2024 farashin robusta ya haura dala 5,000 kowane tan a kasuwar London, abin da ba a saba gani ba. Garin da aka kwarara da ido dukiya ce aka zubar, da gumin manomin Kloto.

Mun sake komawa Dapaong bayan damina da gwangwaninmu mai layi. Da hantsi muka haɗa leda ɗaya, cokali shida, minti huɗu, muka zuba wa Kawu rabin kofi da iznin likitansa, muka cika da ruwan zafi. Ya sansana, ya kurɓa, ya yi shiru, sannan ya dubi Goggo ya ce, "Hajiya, ashe abin nan ƙamshi gare shi." Goggo ta karɓi gwangwanin ta duba layin da kyau, ta sa shi cikin kwandon kayan shayinta, ta ce daga yau a hannunta zai zauna. Mu kuwa muka dawo Sokode muka ja wa Inna nata layin.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke sha.