Bayani a Kan Abin da Iyakwandishan Take Ci Wa Mai Gida

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Maska da Funtuwa da Ɗandume da Bakori har Malumfashi. Tambaya ce ta yawaita a rumfunan hatsi, ana cewa: mutum ya sami ɗan rarar ciniki, shin ya sa iyakwandishan a ɗakinsa, ko ya haƙura da fanka? To mu ba injiniyoyi ba ne, sana'armu awo. Amma mun zauna da masu haɗa waya, mun buga lissafi irin namu na buhu da tiya, ga abin da ya fito.

Ku sani ita wannan na'ura aikinta kwashe zafin cikin ɗaki ta zubar waje, kamar mai kwarfe ruwa daga rami. In ramin yana tsattsafowa, kwarfa ba ta ƙarewa. Haka ɗakin da zafi yake shiga ta kwano da taga da ƙofa, injinta ba zai huta ba, mita kuwa tana ƙirga. Da ƙarfin doki ake auna girmanta. Mai doki ɗaya ta ishi ɗakin kwana madaidaici, falo kuwa sai mai doki ɗaya da rabi ko biyu. Sunan ma ya dace da ita, domin duk wanda ya taɓa ɗaure doki ya san kuɗin saye sau ɗaya ake biya, harawa da dawa kuwa kullum ne.

Kuɗin saye ba mu yanke shi a nan, don kayan waje ne, dala yake bi. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 ya yi tashin da kowa ya gani. Sai dai mai saye ya tuna ba kuɗin kanti kaɗai zai biya ba. Akwai ladan mai kafawa, da bututun tagulla, da waya mai kauri, da sitabilaiza saboda wuta mai rauni tana ƙona inji. Ta gwanjo ta fi araha, amma sau da yawa ta fi cin wuta, ga yoyon gas. Araha ba ta ado.

Yanzu ga harawar dokin. Mai doki ɗaya da rabi tana cin wajen yunit ɗaya da ɗan ɗoriya a awa ɗaya, in injinta yana aiki. A kwana da ita awa 8, ta ci kusan yunit 10. Kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a jihohin Katsina da Kano da Jigawa tun 2013, hukumar NERC kuma ita take yanke farashi. An kasa layukan wuta kashi biyar. Band A su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, har zuwa Band E masu awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka kai yunit na Band A Naira 225, daga baya a watan Yuli na shekarar ya tsaya a Naira 209 da sule biyar. A kan wannan farashi, dare ɗaya kusan Naira 2,000 ke nan, wata ɗaya 60,000. Zafinmu na gaske wata uku ne, Maris da Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai. Bazara ɗaya ta tashi a Naira 180,000.

Don mu ji nauyin abin a jikinmu, a ce buhun masara yana Naira 50,000, domin lissafi ya yi sauƙi. To buhu uku da rabi da 'yan tiyoyi ɗaki guda ya cinye. Fankar sama kuwa ba ta wuce wat 75 ba, sai an tara fanka goma sha shida kafin su yi cin iyakwandishan guda. A bazarar nan duka, abin da fanka za ta ci bai fi Naira 11,000 da 'yan kai ba, wato kamar tiya tara.

Wani zai ce ai layinmu ba Band A ba ne, yunit ɗinmu ya fi sauƙi. Gaskiya ne. Amma sauƙin nan tare yake da ƙarancin wuta, kuma a nan ne babban rami yake. Wanda ya saba da sanyi, in aka ɗauke wuta tsakar dare a watan Afrilu, janareta zai tayar. Ƙaramin janareta na kwan fitila da talabijin ba ya ɗaga ta, sai babba, shi kuwa da irin wannan kaya yana shan kusan lita guda a awa. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura Naira 1,000. A kan haka dare ɗaya Naira 8,000 ne, bazara ɗaya 720,000, buhu goma sha huɗu da ɗoriya, ban da baƙin mai da gyara. In kuma hatsi ya karye, kamar yadda ya karye a 2025, buhu ya koma rabin kuɗinsa, to buhunan da za a fitar daga sito sun ninka. Fetur ba ruwansa da faɗuwar masara.

Sola ba ta shan fetur, wannan haka ne. Amma zafin da yake hana barci na dare ne, rana kuwa ta faɗi. Ke nan sai batir mai riƙe yunit 10, da faranti biyar ko shida manya masu cika shi, da inbata mai ƙarfi. Magana ce ta miliyoyi a tashi ɗaya. Ɗan kasuwa ya tambayi kansa buhu nawa kuɗin nan zai saya da kaka.

Ga wanda ya ga lalle sai ya sa, ko don tsoho mara lafiya ko jariri, ga abin da yake rage ci. Ya nemi mai inbata, wadda take sassauta gudu in ɗaki ya yi sanyi. Ya ajiye ta a lamba 25 ko 26, kada ya kai ta 16, domin kowace lamba da aka sauke kuɗi ce. Ya toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa. Ya riƙa wanke matatar iskarta, saboda ƙurar ƙasarmu tana toshe ta. Ɗaki ɗaya a sanyaya, ba gida duka ba. Sa'an nan, don Allah, kada a shigar da janareta ɗaki ko zaure a rufe don tsoron ɓarawo. Iskar da take kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ta hallaka iyalai a cikin barci.

Kafin duk wannan, a fara duba rufi. Kwano marar silin tanda ne, duk na'urar da aka sa a ƙarƙashinsa wahala za ta sha. Silin sau ɗaya ake biyansa, ba ya neman mita. Kakanninmu da suka gina soro da katanga mai kauri da rufin azara sun san abin da suke yi: ƙasa tana shanye zafin rana a hankali, ɗaki ya wuni da sanyi, da dare a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma. Bishiyar darbejiya ko mangwaro a yammacin ɗaki tana tare ranar la'asar. Randa ma aikinta ke nan, ruwan da yake tsattsafowa ya bushe ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000.

Shawararmu ita ce, daidai ruwa daidai tsaki. A fara da silin da inuwa da fanka, in hali ya yi a ƙara ƙaramar sola mai juya fankar. Wanda zai wuce nan, ya ɗauki farashin yunit da na lita na ranar, ya buga da dare casa'in, ya raba da kuɗin buhu a kasuwar da ya ci. In abin da ya fito daga riba zai fita, madalla. In uwar kuɗi zai taɓa, ya dakata. Allah Ya sa albarka a nema.