Tankin kifi mai shuke-shuke: Yadda ake haɗa shi, da dalilin da ya sa kifayen farko ke mutuwa

Mutum zai sayi tankin gilashi da safe, ya cika shi da ruwan famfo da azahar, ya zuba kifaye goma kafin magariba. Kwana uku na farko ruwan garau yake, kifayen suna ta wasa. A mako na biyu sai su fara taruwa a saman ruwa suna haki, daga nan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai tankin zai zargi wanda ya sayar masa da kifin, ko ya ce kambun baka ne. Sau da yawa gubar da ta kashe su daga jikinsu ta fito, domin an saka su a ruwan da bai shirya karɓar su ba.

Tankin kifi na ado, wanda ake kira akwariyam, ƙaramin tafki ne da aka kulle cikin gilashi. Duk abin da ya shiga cikinsa, abinci ko kashi ko ruɓaɓɓen ganye, yana nan har sai wata halitta ta sarrafa shi ko mai tankin ya fitar da shi da hannunsa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Daga ina tunanin ya fito?

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana gwajin da ya yi da jajayen kifayen ado guda biyu da wata ciyawar ruwa mai suna Vallisneria. Ciyawar tana fitar da iskar oksijin da kifin ke shaƙa, kifin kuma yana fitar da iskar kabon da takin da ciyawar ke buƙata. Da tsofaffin ganye suka fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya ƙara dodon koɗi, suka cinye dattin. Bayan shekara uku, a 1853, gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin nuna kifaye ga jama'a.

Salon da ake yayi a yau, inda ake tsara duwatsu da itace da ganyayyaki kamar gefen rafi, ya samu karɓuwa ne ta hannun Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan. Aikinsa na ƙarshe, tanki mai tsawon mita 40 da ke ɗaukar lita 160,000, an buɗe shi a birnin Lisbon na Fotugal a 2015, shekarar da ya rasu. Ƙa'idar da ke riƙe da wancan katafaren tanki ita ce ke riƙe da na lita 60 da ke kan teburin falo.

Tanki da wurin ajiye shi

Sabon mai kiwo yakan ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Akasin haka ne. A ruwa kaɗan, zafi da guba suna hauhawa cikin sa'o'i, babban tanki kuwa yana ba da lokacin gyara kuskure. Lita 60 zuwa 80 ya dace da mai farawa. Zagayayyen kwanon gilashin nan da ake gani a finafinai ba shi da faɗin saman da iska za ta shiga ruwa yadda ya kamata, ba shi da wurin matata.

Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 60, idan aka haɗa da gilashi da tsakuwa da duwatsu, zai kai kilo 80. Yana buƙatar teburi mai ƙarfi wanda bai karkata ba, domin ƙaramin karkacewa na iya tsaga gilashi bayan watanni. A nisanta shi da taga mai shigar rana, saboda hasken rana kai tsaye yana dafa ruwa, yana kuma haifar da gansakuka.

Ƙasa, ruwa da haske

A ƙasan tankin ake shimfiɗa abin da saiwa za ta kama, kaurin santimita 5 zuwa 7. Akwai ƙasa ta musamman da ake sayarwa don wannan aiki, amma tana da tsada. Wata masaniya Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta yaɗa hanya mai sauƙi a littafin da ta wallafa a 1999: a shimfiɗa ƙasar lambu wadda ba a saka wa takin zamani ko maganin ƙwari ba, kaurin kamar santimita 2.5, a rufe ta da wankakken yashi mai kauri ko ƙananan tsakuwa. Duk dutsen da za a saka a fara ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa, yana da farar ƙasa da za ta sauya yanayin ruwan.

Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin da ke kashe kifi da ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Idan aka bar shi a buɗaɗɗen bokiti na kwana ɗaya kulorin yakan fice, amma akwai nau'in da ake haɗawa da amoniya wanda ba ya ficewa sai da maganin da ake ɗigawa. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, sai dai a wasu wurare yana da gishiri ko ƙarfe da yawa, don haka a gwada shi tukuna.

Fitilar LED ta sa'a 6 zuwa 8 a rana ta wadatar. Haske, taki da iskar kabon tafiya ɗaya suke yi. Idan haske ya yi yawa alhali sauran biyun sun gaza, shuka ba za ta iya amfani da shi ba, sai gansakuka ta ci ribar.

Shuke-shuken da suka fito daga gida

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin shuke-shuken da suka fi farin jini a tankunan Turai da Asiya daga Afirka ta Yamma aka ɗauke su. Anubias barteri, mai kauri da duhun ganye, ta samo sunanta daga Charles Barter, masanin tsirrai da ya bi ayarin William Baikie zuwa kogin Neja a 1857, ya kuma rasu a Rabba ta ƙasar Nupe a 1859. Tana jure ƙarancin haske, kifi ba ya son cin ganyenta. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a binne kaurin gindinta da ke kwance, domin zai ruɓe. Ana ɗaure ta ne da zare a jikin dutse ko itace har ta kama da kanta. Haka ake yi wa Bolbitis, wata shukar rafukan yankin mai siraran ganye.

Bado, wanda ya cika tafkuna da kududdufan Arewa da damina, ana sayar da nau'insa mai jan ganye a shagunan ƙasashen waje da tsada. Kainuwa, dashen Allah, tana yawo a saman ruwa tana zuƙe datti da saiwarta, amma dole a riƙa rage ta kada ta tare haske. Duk abin da aka ɗebo daga tafki a wanke shi, a ajiye shi a bokiti daban na makonni, domin yana iya zuwa da ƙwan ƙwari da ƙananan dodon koɗi, waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya.

A dasa da yawa tun ranar farko, dogaye a baya, gajeru a gaba. Masu saurin girma irin su Vallisneria su ne ke riga gansakuka cinye taki.

Makonnin jira

Nan ne mafi yawan kuskure yake. Kifi yana fitar da amoniya ta wajen numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma amoniya yake komawa. Ko kaɗan ne guba ce, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. A kogi akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar oksijin. Wani rukunin kuma yana juya naitirait zuwa naitiret, mai sauƙin illa, wanda shuka ke sha a matsayin taki.

Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi. Suna zama ne a soson matata da jikin tsakuwa, kuma hayayyafarsu tana ɗaukar mako 4 zuwa 6. A wannan lokaci ana kunna matata dare da rana, ana zuba ɗan mitsitsin abincin kifi kullum domin ya ruɓe ya ciyar da su, ba tare da kifi ko ɗaya a ciki ba. Kayan gwajin ruwa za su nuna amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka. Sai an ga dukkansu a sifili, naitiret kuma ya bayyana, sannan tanki ya shirya. Guntun soso daga tsohon tanki mai lafiya yana rage tsawon jiran.

Idan ruwan ya yi fari-fari a makon farko, kada a tayar da hankali, yakan washe da kansa. Amma idan tsohon tanki ne ya yi haka kwatsam, ruwa ba ya tsami banza: ko abinci ya yi yawa, ko wani kifi ya mutu a bayan dutse.

Wane kifi, kuma nawa?

Ba kowane kifi ne ke zama da shuka ba. Karfasa tana tone saiwa. Tarwaɗa tana haɗiye duk abin da ya shiga bakinta. Jan kifin ado na gargajiya yana wuce santimita 20, yana cin ganye, kuma ruwan sanyi ya fi so.

A gari mai zafi, gupi da gurami da beta sun fi juriya. Gurami da beta suna iya shaƙar iska daga saman ruwa, sai dai mazan beta biyu ba sa zama wuri ɗaya. Kribensis, mai jan ciki, asalinsa kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru ne, sunansa ma daga garin Kribi ya fito. Mace da namiji sun isa tankin lita 80. Kifin nan mai baki kamar hauren giwa da ake kamawa a kogin Neja yana da ban sha'awa, amma yana wuce santimita 20 kuma yana buƙatar babban tanki da ƙwarewa.

A tankin lita 60, ƙananan kifaye takwas zuwa goma sun isa, kuma ba rana ɗaya ake zuba su ba. A fara da uku ko huɗu, a jira mako biyu, domin bakteriya su ƙaru daidai da sabon nauyin. Ledar da aka kawo kifi a ciki a ɗora ta a kan ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 har zafinsu ya daidaita, sannan a kamo kifin da raga, a zubar da ruwan ledar a waje. Abinci kuwa abin da za su cinye cikin minti biyu ne, sau ɗaya ko biyu a rana.

Zafi da ɗaukewar wuta

Yawancin littattafan wannan fanni an rubuta su ne don ƙasashen sanyi masu tsayayyiyar wutar lantarki. A can damuwar ita ce ɗumama ruwa. A Kano ko Maraɗi a watan Afrilu damuwar ita ce sanyaya shi. Yawancin kifayen nan sun fi son digiri 24 zuwa 28. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 kawai, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙata. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafi da digiri biyu ko uku. Da hunturu ne na'urar ɗumama ruwa ke da amfani.

Idan wuta ta ɗauke, matata ta tsaya, bakteriyar da ke cikinta sukan rasa oksijin bayan sa'o'i. Shi ya sa matatar soso mai aiki da ƙaramin famfon iska na batir ta fi dacewa, domin ƙaramin sola ma yana riƙe ta. Tanki mai shuka da yawa da kifi kaɗan shi ne ya fi jure duhu. Amma a tuna, da dare shuka ma oksijin take shaƙa, don haka dab da asuba ne ruwa ya fi ƙarancin iska.

Aikin mako-mako kaɗan ne: a canja kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, a datse ruɓaɓɓun ganye, a wanke soson matata a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin. Wanke shi a bakin famfo yana kashe abin da aka yi mako shida ana rainonsa.

Abin da bai kamata ya fita ba

Ranar da mutum ya gaji da tankinsa, yakan ga kamar tausayi ne ya juye shi a kogi. Ƙasashe da dama sun biya kuɗin wannan tausayi. Ciyawar Hydrilla ta shiga ruwayen jihar Fulorida ta Amurka a shekarun 1950 ta hanyar cinikin shuke-shuken tanki, har yau ana kashe maƙudan kuɗi wajen yaƙar ta. A tafkin Infiernillo na Meziko, kifin nan mai sulke da ake sayarwa don ya lashe gansakuka a jikin gilashi ya mamaye ruwa, ya durƙusar da sana'ar masuntan karfasa.

Najeriya ta san irin wannan ciwo. Baƙuwar ciyawar nan mai fure ruwan shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka da aka yaɗa a duniya saboda kyawunta, ta shigo ta mashigin ruwan Badagry a 1984, ta toshe hanyoyin kwalekwale a Legas, daga baya ta bayyana a tafkin Kainji. Masunta da masu fito ne suka ɗauki asarar.

Don haka ganyen da aka datse a shanya shi ya bushe kafin a zubar, tsohon ruwa a ba shukokin gida su sha, kifin da ba a so kuma a mayar wa mai shago ko a ba wani mai kiwo.