Raba Rumbun Kwamfuta: Wane Fili Zai Ishi Babbar Manhaja?

Duk wanda ya taɓa zama don ya ɗora wa kwamfuta babbar manhaja ya san akwai wata tambaya da na'urar kan yi masa tun aiki bai yi nisa ba, wato yawan filin da za a yanka wa manhajar a cikin rumbun ajiya. Mutane da yawa sukan buga adadin da ya fara zo musu a rai, waɗansu kuma su bar wa mai gyara ya zaɓa musu. A ranar ba a ganin wani bambanci. Sai an yi shekara guda ko biyu, ana tsakiyar aiki, na'ura ta fara nauyi, ta ƙi karɓar sababbin gyare-gyare, ta riƙa kukan wuri ya cika, alhali kuwa a ɗaya ɓangaren rumbun ga fili nan fetal babu kome a ciki.

Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, irin su Windows da Linux da macOS. Ita ke farkawa da zarar an kunna na'ura, kuma a kanta sauran manhajoji suke zaune. Rumbu kuwa shi ne inda kome yake kwance ko da an kashe wuta, ko faifai ne mai juyawa irin na da, ko SSD na yanzu wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Raba rumbu yanki-yanki tamkar yadda maigida kan raba filin gidansa ne, ya ja katanga, ya ce wannan sashe na wane ne, wancan na wance. Fili ɗaya ne, amma kowane sashe da ƙofarsa. Haka kwamfuta kan ɗauki kowane yanki kamar rumbu mai zaman kansa. A Windows har haruffa ake ba su: yankin manhaja shi ne C, na biye da shi D. An fara daga C ne domin tun farko an ba da A da B ga ƙananan faya-fayan nan da ake zurawa a kwamfutocin da.

Dabarar raba kayan manhaja da kayan mutane tsohuwa ce. Tun a shekarar 1972, a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro manhajar Unix, fayilolin manhajar suna kan wani ƙaramin faifai mai sauri, na masu aiki da na'urar kuma suna kan wani babba wanda bai kai shi sauri ba. A 1983 kamfanin IBM ya fito da kwamfutar PC/XT mai rumbu na megabait 10, tare da manhajar DOS 2.0. A lokacin ne aka shigo da tsarin da ake kira MBR, wanda ke rubuta taswirar yankuna a farkon faifai, cikin ɗan wuri mai bait 512, kuma gurbin manyan yankuna huɗu kawai gare shi. Har zuwa ƙarshe-ƙarshen shekarun 1980 manhajar DOS ba ta iya riƙe yankin da ya wuce megabait 32, saboda haka wanda ya sayi rumbu mai megabait 40 ba shi da zaɓi sai ya raba. Daga baya iyakar ta koma gigabait 2, har aka zo da tsarin FAT32 a 1996. Shi kansa MBR ba ya iya wuce kimanin terabait 2, shi ya sa aka maye gurbinsa da GPT, wanda a Windows yake ɗaukar yankuna har 128.

Wato ke nan a da tilas ce ke sa a raba rumbu, yanzu kuwa ganin dama ne. Amma har yau akwai dalilai masu ƙarfi. Na farko, in manhaja ta lalace, ana iya share yankinta a sake ɗora ta ba tare da an taɓa takardu da hotunan da ke ɗaya yankin ba. Na biyu, mai son Windows da Linux a na'ura ɗaya sai ya ba kowace nata sashe. Na uku, in kayan mai na'ura suka yi yawa, iyakarsu su cika nasu yanki, ba za su toshe wa manhaja numfashi ba.

Wahalar lissafin ita ce, manhaja aba ce mai girma, kamar yaron da ake ɗinka wa riga. Windows XP ta shekarar 2001 gigabait ɗaya da rabi take nema. Windows 7 ta 2009 ta nemi 16 ko 20, gwargwadon irinta. Windows 10 ta fara da wannan adadi a 2015, amma a 2019 aka ɗaga shi zuwa 32 ga sababbin na'urori. Da Windows 11 ta fito a 2021 sai ta nemi 64. Cikin shekara ashirin bukata ta ninka fiye da sau arba'in. Kuma waɗannan alƙaluma na mafi ƙarancin abin da zai sa manhaja ta shiga ne kawai. Zama lafiya yana bukatar fiye da haka.

Dalili kuwa shi ne akwai masu cin fili da yawa waɗanda ido ba ya gani. Idan Windows ta yi babban sabuntawa, takan ajiye tsohuwar a gefe har kwana 10, don a iya komawa gare ta in sabuwar ta ba da matsala, wato na ɗan lokaci manhaja biyu ke zaune a ɗaki ɗaya. Tun daga 2019 kuma takan keɓe wa kanta wajen gigabait 7 saboda gyare-gyare. Akwai fayil ɗin da take juye abin da ya yi wa ƙwaƙwalwar aiki yawa a cikinsa, ita ce ƙwaƙwalwar da ake kira RAM. Akwai kuma na dogon barci, inda ake adana aikin da ke buɗe kafin na'ura ta mutu, wanda yakan ci kimanin kashi 40 cikin ɗari na girman RAM. A na'ura mai RAM gigabait 16, sama da gigabait 6 ke nan. Ban da wannan, manhajojin rubutu da zane da lissafi galibi a C suke sauka. Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne, akwatunan takardu da hotuna da na abin da aka sauko da shi daga intanet duk a C Windows take kafa su. Wanda ya yanka D bai mai da waɗannan akwatuna can ba, ya gina ɗaki ne ya bar kaya a zaure.

Ba manyan yankuna kaɗai ke da wannan matsala ba. Kwamfutocin yanzu suna da waɗansu ƙananan yankuna a ɓoye: akwai na tayar da na'ura, wanda ba ya gaza megabait 100, akwai kuma na farfaɗo da manhaja in ta faɗi. A watan Janairu na 2024 kamfanin Microsoft ya fitar da wani gyara na tsaro ga Windows 10 wanda yake bukatar sarari na megabait 250 a yankin farfaɗowa. A kwamfutoci masu yawan gaske babu wannan sarari, sai gyaran ya riƙa ƙin shiga, har kamfanin ya fitar da bayanin yadda mutum zai ƙara wa yankin girma da hannunsa. Na'ura tana iya samun ɗaruruwan gigabait a buɗe, amma rashin rubu'in gigabait ɗaya a inda ake bukatarsa ya tsai da aiki. Yankin da aka yanka daidai wa daida jiya shi ne ya zama matsattse yau.

To, yaya ake lissafin? Da farko a san ainihin girman rumbun. Masu ƙera shi suna ƙidaya gigabait a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuwa tana ƙidaya 1,073,741,824. Saboda haka rumbun da aka rubuta wa 500 zai bayyana wajen 465, mai 256 kuma wajen 238. Ba cuta aka yi ba, mudu ne ya bambanta. Alal misali, a ɗauki ɗalibi ko ma'aikacin ofis mai rumbu na 500 da Windows 11. Ya fara da 64 na manhaja, ya ƙara 40 na manhajojin aikinsa, ya ƙara 16 na ɓoyayyun fayilolin nan, 120 ke nan. Sannan ya ƙara 30 don kashi ɗaya cikin biyar na yankin ya zauna a buɗe, domin SSD takan rage sauri in ta cika maƙil. Jimla 150, ya rage masa sama da 300 na kayansa. Mai aikin haɗa fina-finai ko manyan wasanni zai bukaci ninkin wannan. Amma mai rumbu na 128 ko 256, abin da ya fi masa shi ne ya bar shi a dunƙule, don in ya raba, kowane ɓangare zai ƙuntata.

A Linux lissafin ya ɗan sauƙaƙa. Ubuntu tana neman gigabait 25, kuma 40 zuwa 50 sukan wadatar da yankin manhaja in kayan mai na'ura suna nasu yanki dabam. Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗan yankin da ake ajiye zuciyar manhajar, domin in sababbi suna zuwa ba a share tsofaffi ba, nan da nan yake cika. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar da ke cewa a ware wa yankin musaya, wato mai tallafa wa RAM, ninkin RAM biyu. Wannan ta dace da zamanin da ake auna RAM da megabait. Tun 2017 Ubuntu ta koma amfani da fayil a maimakon yanki, wanda ƙara shi ko rage shi ba wuya.

Masana sun daɗe suna neman hanyar da katangar za ta riƙa matsawa. A 1998 aka samar wa Linux tsarin LVM, wanda ke ba da damar ƙara wa yanki fili daga inda ake da saura. A 2017 kamfanin Apple ya fito da APFS, inda yankuna ke ɗiba daga fili guda, kowa gwargwadon bukatarsa. A Windows ma ana iya rage yanki ko ƙara shi, sai dai kayan aikin da ke cikinta ba ya ƙara wa yanki sai in akwai fili a buɗe daf da bayansa. In kuwa sai an matsar da yanki mai kaya a ciki, to aiki ne mai haɗari, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas, domin in ta ɗauke ana tsakiyar aiki ana iya rasa kome.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, raba rumbu ba ya zama madadin ajiye kwafi a wani wuri. C da D a jiki ɗaya suke. Ran da rumbun ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke na'urar, tare za su tafi. Mai hikima yakan kwafe muhimman takardunsa a wani rumbu dabam kafin ya taɓa kowane yanki, sannan ya auna wa manhaja fili da bukatar shekara uku ko huɗu masu zuwa a ransa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.