Ches: yadda dattawa ke fafatawa a gasar duniya

A Basunda da sauran garuruwan jihar Gadarif ta Sudan, an fi sanin wasan ches da sunansa na Larabci, shaɗaranj. A Maraɗi da Damagaram kuwa “échecs” ake ce masa. Kamar darar gargajiya, wasa ne da tsoho ke iya kayar da saurayi, har ma dattawa na da gasarsu ta duniya.

Hukumar ches ta duniya, FIDE, ta fara shirya gasar a 1991 a garin Bad Wörishofen na Jamus, inda tsohon zakaran duniya Vasily Smyslov ya lashe ta yana da shekara 70. Tun daga 2014 aka raba ta gida biyu: 'yan shekara 50 zuwa sama, da 'yan 65 zuwa sama. Ba kofi kaɗai ake nema ba, domin zakara kan samu lambar “grandmaster”, matsayi mafi girma a wasan, idan ba shi da ita.

Yaya ake karawa?

Ba a sassauta wa kowa doka saboda furfura. Allon gida 64 ne, kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 16, agogo kuma na ƙirga wa kowa lokacinsa. A tsarin da FIDE ta fi amfani da shi, ana ba da minti 90 don motsi 40 na farko, sai ƙarin minti 30, da daƙiƙa 30 kan kowane motsi. Wanda lokacinsa ya ƙare galibi ya faɗi, ko da shi ke kan gaba. Ɗan da mutum ya taɓa da gangan, shi zai motsa. Nasara maki 1 ce, kunnen doki rabin maki.

Ina shekaru ke tasiri?

Wasa ɗaya kan ci awa 4 zuwa 5, kuma a awannin ƙarshe ne gajiya ke jawo kuskure. Abin da dattijo ya rasa na saurin lissafi, yakan cike shi da sanin irin matsayin da ya sha gani a allo.

Viktor Korchnoi ya nuna hakan. Ya lashe gasar dattawa a 2006 yana da shekara 75. A Janairun 2011 kuma, a gasar Jibralta wadda ba ta da iyakar shekaru, ya doke Fabiano Caruana mai shekara 18, shi kuwa yana da 79. Caruanan nan ne ya ƙalubalanci Magnus Carlsen a kan kambun duniya a 2018.