Me Ya Sa Ruwan Shawa Ba Ya Zuba Da Ƙarfi?

Da na je hutun ƙarshen shekara gidanmu a Jahun, sai na iske an yi sabon abu. Babana ya sa an jawo ruwa daga burtsatse zuwa wani tankin roba mai cin lita 1,000, aka kuma sa shawa a makewayi. Ya yi haka ne saboda kakana, wanda tsufa da ciwon baya suka hana shi sunkuyawa ya ɗebi ruwa a bokiti. Amma abin takaici, in an murɗa famfo sai ruwa ya riƙa ɗiga kamar ɗaki mai yoyo. Har Baba ya yi niyyar sayar da riɗin da ya ajiye domin ya sayo tanki mai lita 2,000.

Ni kuwa na lura da wani abu. In tanki ya cika fal, shawa takan ɗan taɓuka, in ruwan ya yi ƙasa sai ta mutu. Nan na tuna da abin da malaminmu na kimiyya ya koya mana. Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni, ina ganin ba ƙanƙantar tanki ce matsalar ba, tsawon ƙafarsa ne."

To, mai karatu, ga yadda abin yake. Ruwa yana da nauyi, kuma na sama yana danna na ƙasa. Wani masani ɗan Faransa mai suna Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, yana cikin waɗanda suka bayyana cewa ƙarfin wannan danniya ya dogara ne ga bisa, ba ga faɗin mazubi ba. Watau abin da za a auna shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da kan shawa. Kowace mita 10 ta bisa tana ba da danniya kamar ta nauyin kilo 1 a kan fili mai faɗin farcen yatsa. Shi ya sa a Kano aka ɗora ma'ajiyar ruwa a kan Goron Dutse, ruwa ya gangaro wa mutanen birni da kansa. Mu a Jahun ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da duwatsu irin na Dutse, saboda haka tilas mu gina wa tanki tudunsa.

Da muka auna, ƙafar tankinmu mita 2 ce, kan shawa ma mita 2 yake daga ƙasa. Ashe in ruwa ya kusa ƙarewa babu abin da zai turo shi. Ko da an sayo tanki mai faɗin ɗaki, in ba a ɗaga shi ba an yi asarar kuɗi.

Amma ba bisa kaɗai ke rage ƙarfin ruwa ba. Kafin mutum ya kashe ko sisi, ya kamata ya duba waɗannan. Na farko, ya kwance kan shawa. Yashin burtsatse da farin dattin nan da ruwa ke bari sukan toshe ƙofofinsa. A jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ya kwana, a tsokane ƙofofin da allura. Na biyu, ya tabbata makunnin da ke gindin tanki a buɗe yake sosai. Na uku, ya duba bututu. Siririn bututu mai rabin inci, in ya yi nisa ko ya yi kwana da yawa, yakan shanye ƙarfin ruwa. Gara a fito daga tanki da mai inci 1, sai an zo makewayi a rage. Na huɗu, ya bi bututun ko akwai inda ƙasa ke jiƙe, alamar yoyo ke nan. Bugu da ƙari, kada a bar tanki ya ƙafe, don iska takan shiga bututu ta tare ruwa.

Akwai kuma gargaɗi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, watau cikakken tankinmu ya kai nauyin buhu 10 na gero. Kada kowa ya kuskura ya ɗora irin wannan a kan soron ƙasa. A nemi maƙeri mai walda ya yi ƙafar ƙarfe, a kafa ta cikin kankare.

Haka Baba ya yi. Aka ɗaga tanki zuwa mita 5, aka sake bututu, ni kuma na wanke kan shawa. Bokitin da a da sai mutum ya gaji da jira, yanzu nan da nan yake cika. Riɗi kuwa rabi kawai aka sayar. Ranar da zan koma makaranta kakana ya kira ni ya sa mini albarka.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada mu bar abin da muka koya a cikin littafi. Mu kai shi gida, don can ake bukatarsa.