Ko Ka San Ɗanyen Itace Ya Fi Ƙarfe Iya Lallashin Narkakken Gilashi?

Duk kwalbar lemon da ka saya a Babbar Kasuwar Gombe ko a shagon Jekadafari, shafa gefenta za ka ji wani siririn layi daga wuya har gindi. Shaidar mazubi ce. Ɓari biyu na baƙin ƙarfe ne suka haɗu a kan narkakken gilashi mai zafin da ya haura digiri 1,000, iska ta hura shi ya cika su. A masana'antu irin na Beta Glass da ke Agbara da Ughelli, sai an shafa wa mazubin mai da aka haɗa da girafait, wato baƙin nan na cikin fensir, don kada kwalbar ta manne.

Gilashi mai zafi yana da zaɓe. In ƙarfe ya yi ja, gilashi ya kama shi ƙam. In ƙarfen da sanyi, ya ƙi shi, kuma wurin da ya taɓa ya daskare ya bar tabo, wani lokaci har ya tsage. Masaga na Bida, waɗanda suka gaji narka kwalabe suna yin awarwaro da duwatsun wuya, sun san wannan tun kaka da kakanni: sai sun gasa bakin sandar ƙarfe kafin su ɗebo narkakken, amma awartakin da za su ja shi da shi ba a barinsa ya yi ja. Wannan gari ne UNESCO ta sa cikin biranen sana'ar hannu a 2021, kuma ya cancanta.

Abin mamakin yana wurin itace. Masu hura gilashi a Turai suna ajiye wani ludayin katako cikin ruwa dare da rana. Idan suka juya curin gilashi a cikinsa, ruwan ya zama tururi nan take, gilashin ya riƙa zamewa a kan tururin, kamar yadda ɗigon ruwa ke rawa a kan tanda mai zafi. Itacen yakan babbake kaɗan kaɗan, amma fuskar gilashin ta fito sumul, ba ta rasa zafi da yawa ba. Har jiƙaƙƙiyar jarida sukan ninka a tafin hannu su murza shi da ita. Da itacen ya bushe kuwa, sai wuta.

Tagulla tana zuƙe zafi da sauri fiye da baƙin ƙarfe, don haka taɓawa ɗaya ake yi da ita a janye. Manyan hantsuna kuma kakin zuma ake goga musu don su yi santsi. Alminiyam ɗin tukwanenmu kuwa ba ya jure zafin murhun gilashi, domin yana narkewa a digiri 660, tun gilashin bai gama laushi yadda ake so ba.