Ko Kun Sani? Likitan da Ya Bi Diddigin Haihuwa 22,774 a Zariya

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan binciken haihuwa da aka taɓa yi a Afirka, a Zariya aka gudanar da shi? Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Abonnema ta Jihar Ribas, shi ya jagoranci aikin a Jami'ar Ahmadu Bello. Tsakanin 1976 da 1979 suka bi diddigin haihuwa 22,774, ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985.

Tun a Ibadan, a shekarun 1960, ya tasa matsalar ƙarancin jini ga masu juna biyu a gaba. Za a kawo mace idanu fari fat, ƙafafu a kumbure, tana haki. Jini take buƙata, amma idan aka ƙara mata, zuciyarta da ta riga ta galabaita tana iya gazawa. Sai Harrison ya haɗa ƙarin jinin da maganin sa fitsari mai saurin aiki, ruwan da ya yi yawa ya fita, zuciya ta samu sauƙi. Dabara ce mai arha, abin da asibitin talakawa ke nema.

A Zariya kuwa, an ga ƙananan 'yan mata masu ciki da aka bai wa maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini sun ƙara tsawo kafin su haihu. Yawancin matan da suka rasu kuma ba su je awo ba, sai da naƙuda ta yi tsanani aka kawo su.